Ina Za Mu Samo Kuɗin Haɗa Maganin Shaye-shaye da na HIV a Wuri Ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren wata ƙungiyar matasa a Sabuwar Unguwa, cikin Katsina. Muna da yaran da ke karɓar maganin HIV, amma shan ƙwaya ya sa suna tsallake magani, wasu ma sun daina zuwa asibiti. Muna son buɗe cibiyar da za ta kula da matsalolin biyu tare. Wa ke ba da kuɗin irin wannan aiki, kuma ta ina za mu fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah ya saka da alheri. Da farko dai ku jingine maganar gina cibiya. Gini da kayan gwaji su ne suka fi cin kuɗi, kuma da wuya mai ba da tallafi ya yarda ya biya su. Ku nemi asibitin da ya riga yake ba da maganin HIV, kamar Babban Asibitin Katsina ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, ku ƙulla yarjejeniya a rubuce ta shigar da aikin shaye-shaye cikinsa.

Dalili shi ne kuɗin ba a aljihu ɗaya suke ba. Maganin HIV, wato ƙwayar TLD da ake sha sau ɗaya a rana, kyauta ake ba da shi, kuma mafi yawan kuɗinsa daga shirin PEPFAR na Amurka (tun 2003) da Asusun Global Fund (tun 2002) suke zuwa. Shi kuwa shaye-shaye yana tsakanin hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, da sashen masu taɓin hankali na asibiti, inda sau da yawa iyalin mara lafiya ne ke biya. Saboda haka kada ku sa maganin HIV a kasafinku. Abin da babu mai biya shi ne mutum: mai ba da shawara, mai bin sawun wanda ya daina zuwa, kuɗin Keke Napep, katin waya.

Global Fund ba ya miƙa wa ƙungiyar unguwa kuɗi kai tsaye. Yana ba manyan masu karɓa tallafi na shekara uku-uku, su kuma su raba wa ƙananan ƙungiyoyi. Ƙofarku ita ce hukumar yaƙi da cutar HIV ta jiha, KATSACA, wadda ke aiki da takwararta ta tarayya, NACA. Ku je mata da rajistar CAC, da asusun banki da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum biyu ko uku, da rahoton abin da kuka riga kuka yi, ko da na wata shida ne da kuɗin karo-karo.

Ga inda takardun neman tallafi da yawa ke faɗuwa. Kuɗin waje da aka ware wa masu shaye-shaye sun fi karkata ga masu tsira wa kansu allura, domin ta nan cutar ke saurin yaɗuwa. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, UNODC, ya yi na 2018 ya ƙiyasta masu shan ƙwaya a Nijeriya sun kai miliyan 14.3, amma masu allura kusan 80,000 ne kawai. Yaranku kuwa, kamar yadda ka ce, ƙwaya suke sha, irin su tramadol da kodin. Idan kuka rubuta cewa za ku yaƙi shaye-shaye, za a ce ba hurumin kuɗin HIV ba ne. Ku rubuta da ma'aunin da masu ba da tallafin ke dubawa: mutum nawa ne suka wuce kwana 28 ba su karɓi magani ba, nawa kuka dawo da su, nawa ne gwajin yawan ƙwayar cutar a jininsu ya sauka ƙasa da 1,000 bayan wata shida. Wannan lissafin suke biya.

A aikace, ku fara da abu uku. A horar da ma'aikaci ɗaya ya riƙa tantance duk mai zuwa karɓar magani da tambayoyin ASSIST na Hukumar Lafiya ta Duniya, guda 8 ne, minti goma sun isa. A sa mai bin sawu ɗaya ga mutum 30 zuwa 40, zai fi kyau a ce wanda shi ma ya taɓa sha ya daina. Sannan a ajiye naloxone, allurar da ke farfaɗo da wanda ƙwaya irin tramadol ko kodin ta danne wa numfashi. Wanda ya daɗe yana shan tramadol ko diazepam, kada a yanke masa rana ɗaya ba tare da likita ba, yana iya farfaɗiya. Kuma kada a taɓa hana mutum maganin HIV don bai daina sha ba.

Kada ku dogara da kuɗin waje kaɗai. Dakatar da tallafin Amurka a watan Janairun 2025 ta nuna yadda aiki ke tsayawa cak. Ku yi ƙoƙarin shigar da marasa ƙarfinku cikin asusun kula da lafiya a matakin farko, BHCPF, wanda Dokar Lafiya ta 2014 ta ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, ta hannun hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KTSCHMA. Wannan zai rage musu kuɗin ganin likita da ƙananan magunguna. Alawus ɗin mai bin sawu kuma ku nema wajen attajiran unguwa da masu fitar da zakka, a kan alkawarin shekara guda, domin kyautar rana ɗaya ba ta riƙe ma'aikaci.

Sai batun sirri. Attajiri ko mai unguwa zai so ya ga sunayen waɗanda ake taimaka wa da kuɗinsa. Kada ku bayar. Dokar hana tsangwamar masu HIV ta 2014 ta haramta bayyana matsayin mutum ba da yardarsa ba, kuma a gari irin Katsina da kowa ya san kowa, suna ɗaya ya fita, sauran yaran ba za su sake zuwa ba. Ku ba kowa lamba, rahoto ya fita da lambobi, rajistar sunaye ta zauna a kulle a hannun ma'aikacin asibiti.