In dam na tare ambaliya, me ya sa muke kwana da fargabarsa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni manomi ne a ƙasar Ringim, gonata tana bakin kogin Haɗejiya. Duk shekara da marka ta kankama sai a fara yaɗa cewa za a buɗe Tiga da Challawa, kowa ya yi ta kansa. Tun muna yara ake gaya mana ana gina dam ne don kada ruwa ya ci gari. To ga abin da Alau ya yi wa Maiduguri. Shin dam kariya ne ko barazana? Kuma me ya hana masu kula da shi su rufe ƙofa har mu girbe shinkafarmu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya tsare muku amfanin gona. Tambayarka ta taɓo abin da ya fi damuna a wannan aiki namu.

Dam ba ya shanye ruwa, ajiye shi kawai yake yi. Duk kariyar da zai iya ba ka tana cikin sararin da aka bar masa kafin ruwa ya sauko. Kamar randa ce: in da saura a cikinta, ka juye tulu ta karɓa, in ta cika maƙil, abin da ka zuba shi zai malalo ƙasa. Dam ɗin da ya cika tun tsakiyar Agusta ba shi da sauran abin da zai tare maka a Satumba, duk ruwan da ya shigo ta sama dole ya fita ta ƙasa.

A nan matsalar take, domin yawancin madatsunmu ba don ambaliya aka gina su ba tun farko. Tiga, da aka kammala a 1974, an yi shi ne don noman rani na su Kadawa da Kura da kuma ruwan shan birnin Kano. Challawa ya biyo baya a 1992. Alau, a kan kogin Ngadda, don ruwan shan Maiduguri da ban ruwa. Lagdo na Kamaru, wanda aka gama a 1982, don lantarki. Mai kula da irin wannan dam burinsa damina ta tafi ta bar masa shi cike, don kada manoman rani su zo masa da kuka a watan Maris. Kai kuma da kake ƙasa da shi, so kake marka ta same shi da sarari. Bukatu biyu ne masu karo da juna a tafki ɗaya. Abin da ke raba gardamar shi ne rubutaccen jadawali: a wata kaza kada ruwa ya wuce tsayi kaza, in ya wuce a rage shi kaɗan-kaɗan tun kogi bai cika ba. Inda ake bin jadawalin, ana hasashen damina kuma ana auna ruwan da ke shigowa kullum, sakin ruwa ba ya zama bala'i. Inda aka riƙe ruwa ana jira a ga abin da Allah zai yi, ranar da za a saki sai a sake shi gaba ɗaya, a kan kogin da ya riga ya batse.

Batun rufe ƙofa kuwa, Malam, ina roƙonka ka cire shi daga ranka. Tiga da Challawa da Alau da Goronyo duk ganuwar ƙasa ce aka dandaƙe, ba kankare ba. Babban abokin gabar irin wannan ganuwa shi ne ruwa ya haura ta samanta. Da zarar ya haura, yakan fara cin bayanta, ya yi kwazazzabo, kwazazzabon ya faɗaɗa, cikin 'yan sa'o'i ruwan da aka tara na shekara ya fito lokaci guda. Kusan kashi ɗaya cikin uku na madatsun da suka ɓalle a duniya ta haka suka tafi. Shi ya sa ake yi wa kowane dam mafita ta musamman a gefe, a shafe ta da kankare, rarar ruwa ta bi ta can. A Tiga wannan mafitar ba ta da ƙofar da wani zai buɗe ko ya rufe. Ruwa na kaiwa bakinta zai tsallake da kansa. Saboda haka sau da yawa in ka ji an ce "an buɗe Tiga", cika ya yi. Har ma a 1992, bayan ɓallewar dam ɗin Bagauda a Agustan 1988, an rage tsayin bakin mafitar Tiga da kusan mita uku da rabi, aka haƙura da ruwa mai yawa don ganuwar ta samu sauƙi. A ganina wannan yana cikin shawarwari mafi hankali da aka taɓa yankewa a harkar ruwa a Arewa.

Hanya ta biyu da dam ke mutuwa ita ce ta ciki, kuma ita ta fi ban tsoro don ba ta da hayaniya. Kowace ganuwar ƙasa tana tsattsafo, wannan ba laifi ba ne, an tanadar masa magudanai a gindinta. Abin da muke dubawa shi ne launin ruwan. Ka ɗebo shi a kwalba ka ajiye. In garau yake, kuma yawansa bai sauya ba daga mako zuwa mako, da sauƙi. In ka ga laka ta kwanta a gindin kwalbar, to ruwan yana kwasar jikin ganuwar ne yana fita da shi, rami yana girma a ciki inda ido ba ya gani. Haka in da rani ka ga wani ɗan fili a bayan ganuwa ya yi kore shar alhali kewayensa ya bushe, ko ƙasa ta lotsa a samanta, ko tsaga ta bi tsawonta. Shurin gara a jikin dam babban abu ne, haka bishiyar da aka bari ta girma, domin in saiwarta ta ruɓe ta bar wa ruwa hanya. Akwai bututun da ake binnewa a cikin ganuwa don auna matsin ruwa, amma sai in akwai ma'aikacin da ke zuwa ya karanta ya rubuta, da wani a ofis da zai duba rubutun ya ɗauki mataki. Kuɗin wannan aiki bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da kuɗin gini, amma shi ake fara yankewa a kasafi, don ba a yi masa bikin yanke ƙyalle.

Alau ya nuna mana ƙarshen wannan hanya. A 1994 ruwansa ya taɓa mamaye Maiduguri. Shekara talatin bayan nan, da tsakar daren wayewar Talata 10 ga Satumban 2024, ruwa ya fi ƙarfinsa ya ci wani sashe, ya shiga Fori da Gwange, ya kai Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa. Mutum fiye da 400,000 suka rasa matsuguni. Ruwan sama na shekarar ya yi yawa ƙwarai, babu musu. Amma ruwa ya kwashe kwanaki yana hauhawa ana kallo, kuma jama'a da yawa a kan shimfiɗarsu ya same su. Haka aka gani a Derna ta Libiya a Satumban 2023, inda madatsu biyu da aka daɗe ana gargaɗi a kansu suka ɓalle cikin dare, dubban rayuka suka salwanta.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake ganin ya fi kowane gyara gaggawa, wato sanarwa. Babu injiniyan kirki da zai rantse maka dam ba zai taɓa ɓallewa ba. Abin da zai iya yi shi ne ya zana taswirar inda ruwa zai bi in hakan ta faru, ƙauye bayan ƙauye, da sa'o'in da zai ɗauka kafin ya isa kowanne, da tudun da za a gudu. A kuma rubuta wa zai kira wa, daga mai gadin dam har zuwa hakimi da dagaci da mai unguwa da ladanin da zai yi shela a lasifika. Ruwan Lagdo yana yin kwanaki kafin ya kai Makurɗi da Lakwaja, wanda ke ƙarƙashin ƙaramin dam kuwa wataƙila sa'a biyu ce tsakaninsa da ruwa. Sanarwar da ta tsaya a takarda a Abuja ba ta fitar da kowa daga ɗaki.

Sannan kada mu ɗora wa dam komai. A yankinku na Ringim zuwa Auyo da Haɗejiya, kachala da yashi sun toshe hanyoyin kogi, ruwan da a da zai wuce salin-alin yanzu sai ya fantsama gonaki. Ƙananan koguna da ke zubowa ƙasa da Tiga ma suna kawo nasu, kuma babu mai tare su.

Abin da zan ba ka shawara, ku manoman bakin kogi ku haɗa kai ta hannun dagatanku ku nemi Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ta riƙa sanar da tsayin ruwan Tiga da Challawa a rediyo kowane mako daga Yuli zuwa Oktoba, da adadin da ya rage kafin ya kai bakin mafita. Ku kafa sanda mai alamomi a bakin kogi, mutum ɗaya ya riƙa duba ta safe da yamma yana gaya wa garin da ke ƙasa da ku. Hukumar NIHSA, mai sa ido kan ruwan koguna a Najeriya, tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara kafin damina, da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Ku nemi a karanta muku naku tun kafin shuka. A shekarar da sunanku ya fito, ka shuka iri mai saurin nuna a gonar kwari, ka kai hatsi da taki da dabbobi tudu kafin Agusta ya raba.