Wace bishiya zan dasa a tsakar gida wadda ba za ta tsaga mini katanga ba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar makaranta ce da na yi ritaya, mun gina gida a bayan garin Katsina, ta hanyar Jibiya. Akwai sarari a tsakar gida da bayan ɗakuna, sannan muna da wani fegi a gefe da ba mu taɓa ba tukuna. Ina son inuwa da fure, ina kuma son in riƙa jin kukan tsuntsaye da asuba kamar yadda na saba a ƙauyenmu ina yarinya. Amma ina tsoron babbar bishiya, don darbejiyar maƙwabcinmu ta tsaga masa katanga. Masu sayar da fulawa kuwa duk abin da suka nuna mini sai an ba shi ruwa safe da yamma, mu kuma a wajen 'yan garuwa muke saye. Akwai itatuwanmu na gida marasa girma da za su yi? Ba za su tara mini macizai ba? Ina da ƙananan jikoki.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya albarka a sabon gida, ya sa rai aka yi wa.

Kafin ki kashe ko sisi, ki saka takalmi ki zagaya fegin nan da ba ku taɓa ba, kuma ki ja wa lebura kunne kada ya kai masa gatari da sunan shara. A ƙasar Katsina da wuya a samu filin da ya taɓa zama gona babu kututturen kalgo ko sabara ko geza ko magarya yana tofo a cikinsa. Ɗan tofon da kike gani bai kai gwiwa ba, amma a ƙarƙashinsa akwai saiwar da ta yi shekaru tana nutsawa neman laima. Dashen da za ki sayo a leda sai ya yi damina uku ko huɗu kafin ya kafu haka, idan ma ya rayu. Abin da za ki yi wa kututturen kaɗan ne. Ki zaɓi rassa biyu ko uku mafiya ƙarfi da miƙewa, ki sare sauran, ki riƙa rage na ƙasa-ƙasa duk shekara har ya ɗaga kai. Manoman Maraɗi suna kiran wannan sassaben zamani. Wani Baturen Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara yaɗa dabarar a can tun 1983, kuma an ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar ta wannan hanya, ba tare da an dasa su ba. Daga Jibiya zuwa Maraɗi tafiyar hantsi ce, irin ƙasar noma ɗaya, ruwan sama kusan ɗaya.

Darbejiya ba ta yi laifi ba, wurin da aka sa ta ne bai dace ba. Bishiyar Indiya ce da aka kawo Borno a 1928, tana haura mita 15, saiwarta kuma tana bazuwa kusa da fuskar ƙasa. Bakin titi da filin makaranta ne muhallinta. Akwai kuma wani abu da ya shafi burinki na tsuntsaye. Kin san ganyenta ake sa wa hatsi a rumbu don korar ƙwari. To galibin ƙananan tsuntsaye, har masu cin tsaba, da tsutsa da ƙwari suke ciyar da 'ya'yansu a sheƙa. Gidan da babu komai sai darbejiya da turare da fulawar kanti, tsuntsu zai sauka ya huta, amma ba zai samu abin kai wa 'ya'ya ba. Ƙwarinmu itatuwanmu suka sani, tsuntsaye kuma ƙwarin suke bi.

Da ni ne, a tsakar gida kalgo zan fara sawa. Mutane sun raina shi don a gona kullum ana sare shi, ba su taɓa ganin ya cika girma ba. Idan aka bar masa gindi ɗaya yakan kai mita 4 zuwa 6, ya yi kai zagaye mai duhun inuwa, kuma yana riƙe yawancin ganyensa har cikin bazara, lokacin da kika fi bukatar wurin shimfiɗa tabarma. Ganyen nan nasa mai kama da sawun raƙumi abin sha'awa ne ga yara, ba shi da ƙaya, 'ya'yansa kuma idan sun bushe kina da abincin tumaki. A gefensa sai runhu. A tsakiyar rani, sa'ad da komai ya yi furu-furu da ƙura, runhu yake rufe kansa da fure rawaya mai ƙamshi, ƙudan zuma su yini a kansa. Bai cika wuce tsayin ɗaki ba. 'Yar'uwarsa marga ta fi shi ado, furenta na reto kamar an rataya sarƙoƙin zinariya, amma ta fi shi girma da son laima, don haka fegin gefe ya fi dacewa da ita.

Magarya kuwa, a wajen tara tsuntsaye ban san kamarta ba a cikin ƙananan itatuwanmu. Tana fure a ƙarshen damina, 'yan mitsi-mitsi masu jan ƙudan zuma, ta nuna da sanyin hunturu lokacin da abinci ya fara ƙaranci a daji. Shaya da cilakowa da jemage duk za su zo, kurciya kuma ta kafa sheƙa a cikin ƙayar inda mage ba ta isa. Ƙayar nan dai ita ce matsalarki da jikoki, don haka ki kai ta lungun bayan ɗakuna inda ba a yawo ba takalmi, ki kuma ɗage rassanta sama da kan mutum. Idan kin ci sa'a kika samu magaryar aure, wadda ake ɗora reshen irin Indiya mai manyan 'ya'ya a kan gindin tamu, ki karɓa. Cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yi aiki sosai wajen yaɗa ta. Kurna ki bar wa fili, tana zama babbar bishiya.

A jikin katanga, inda masu fulawa ke jera shingen da sai an yi masa aski duk wata, ki sa sabara da geza da anza a cakuɗe. Sabara ganyenta toka-toka ne, yana fito da koren na kusa da shi. Wani bincike da aka yi a Senegal aka wallafa a 2018 ya nuna cewa da dare saiwarta tana jawo ruwa daga can ƙasa ta saki a sama-sama, har geron da ke gefenta ya sha. Wato ita maƙwabciya ce mai ba da ruwa, ba mai ƙwacewa ba. Geza tana zubar da ganye da rani, amma kafin ya zuba yakan rine ya yi ja-ja, kuma shi ne shayin da mutanen Senegal da Mali ke kira kinkeliba. Anza ita ce mai haƙurin cikinsu, kore shar duk shekara ko da ba a ga ɗigon ruwa ba, sai dai tafiyar hawainiya take yi wajen girma. Wata shekarar za ki ga tsutsotsi sun cinye mata ganye tas. Kada ki fesa magani. 'Yan makonni kaɗan za ki ga fararen malam-buɗe-littafi sun cika gidan, ita kuma ta sake tofowa. Irinta ba ya ajiyuwa, da an ciro daga nunannen ɗilo, wato ɗan anza, ake shukawa.

Fegin gefe kuma shinge yake so tun yanzu, kafin awakin unguwa su gane akwai abin ci. Dashi da aguwa ba sa bukatar iri. Reshe ake sarowa a kafa a ƙasa a ƙarshen bazara, gab da faɗuwar ruwa, don idan aka kafa shi cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa ruɓewa yake yi. Ki tsarma ɗakwara a tsakani, mai ba da ƙaro, wadda farin furenta ke kiran ƙudan zuma.

Akwai guda uku da zan ce ki yi hattara da su. Kariya, mai kumburarren gindi da jan fure da rani, tamu ce ta Sahel, ko da yake yanzu a tukunya ake sayar mana da ita kamar baƙuwa. Kyakkyawa ce ƙwarai, amma ruwan jikinta dafi ne, har kibiya ake shafa wa. Gidan da ke da yara masu kai komai baki, ta jira su girma. Haka tumfafiya, nononta na iya lahanta ido. Ta ukun ɗundu ce, kuma a kanta ni kaina na yi kuskure. Furenta ya ruɗe ni, rabi ruwan hoda rabi rawaya yana lilo kamar 'yar fitila, na dasa ta kusa da fangalin alayyafo a gidana. Yau shekara shida ina tumɓuke 'ya'yan da take turowa ta saiwa, wasu taku goma daga gindinta. An kai ta ƙasar Kyuba a ƙarni na 19, yanzu ta mamaye musu fiye da hekta miliyan ɗaya. Gauɗe da gwandar daji da tsada kuwa ina son su, ƙamshin furen gauɗe da magariba ba a magana, amma sun fi jin daɗi daga Funtuwa zuwa Zariya inda ruwa ya fi yawa. A wajenku, inda damina ba ta cika wuce wata huɗu ba, sai da lallashi.

Wajen samun iri, ki fara da wurin renon itatuwa na ma'aikatar gandun daji, amma kada ki yi mamaki idan ba ki samu rabin waɗannan ba. 'Yan'uwanki na ƙauye za su tara miki 'ya'yan kalgo da runhu da marga a kyauta, suna yi miki dariya. Ƙwayarsu tauri gare ta, sai ki tafasa ruwa ki sauke, ki zuba su a ciki su kwana, washegari ki shuka. Ƙwallon magarya a fasa shi a hankali a ciro ƙwayar. Wata dabarar ita ce ki duba inda aka tara takin awaki da damina, za ki ga sun tsiro da kansu, cikin dabba ya riga ya yi miki aikin. Idan saye za ki yi, ki guji dashen da ya daɗe a leda har saiwarsa ta nannaɗe kamar gammo. Ƙarami mai wata uku ko huɗu ya fi shi.

Ki dasa a watan Yuli, bayan ruwa ya zauna. Rami kamu biyu zurfi da faɗi, a cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki da ɗan toka saboda gara. Ki bar aƙalla mita 3 tsakanin kalgo ko magarya da gini, ki ƙara nisa idan masai ne ko sokawe, ƙananan na jikin katanga kuma mita ɗaya da rabi ya isa. Ranin farko kaɗai za su nemi taimakonki. Ki samo tsohon tulu, ki binne shi a gefen dashen har wuya, ki cika shi da ruwa ki rufe bakin. Zai riƙa tsatsafowa a hankali daidai inda saiwa take, cikawa ɗaya ta kai ki kwanaki. Ruwan alwala ma ya wadatar. Daga damina ta biyu sai ki ɗauke hannu.

Batun maciji, ba bishiya ce ke kawo shi ba. Ɓera da kwaɗo yake bi, sannan yana neman maɓoya: tarin bulo da aka bari bayan gini, itacen girki da aka jibge a lungu, ciyawa mai tsawo, ramin gara. Ki kwashe waɗannan, ki ɗage rassan ƙasa yadda za ki iya hango gindin kowace bishiya daga nesa, kada kuma reshe ya kwanta a kan katanga ko taga. Idan bushiya ta shigo gidan a bar ta, ƙwari da kunama take ci.

Tsuntsayen kuma ba sai kin jira itatuwan sun girma ba. Ki sami kasko marar zurfi, ki ɗora shi a kan wani abu mai tsayin ƙugu a inuwa, ki sa dutse ɗaya a tsakiya don ƙanana su samu wurin tsayawa. A watan Maris da Afrilu, kafin mako ya zagayo kurciyoyi sun gane wurin. Ki riƙa zubar da ruwan kina sakewa duk bayan kwana biyu saboda sauro.