Amsa: mentol ɗin cikin alewa giya ne?

Hajiya, kin ce kin sayo wa yara alewar na'ana'a a Jidda, sai aka ce miki mentol ɗin cikinta alkohol ne. Ki kwantar da hankalinki. A kimiyyar sinadarai, alkohol sunan dangi ne: sinadaran da ke da oksijin da haidurojin manne da kabon ta wata siga ta musamman. Na cikin giya, mai bugarwa, shi ne etanol, ƙwayar kabon 2 gare shi. Mentol kuwa ɗan dangin ne amma ba etanol ba ne, ƙwayar kabon 10 gare shi, daga man na'ana'a ake samunsa ko a haɗa shi a masana'anta. Na taɓa riƙe shi a tafin hannu, fari ne daskararre kamar alif, sai zafi ya kai wajen digiri 42 yake narkewa. Sanyin da kike ji a harshe, jijiyoyin jin sanyi yake taɓawa.