Amsa kan jan kifin da koma ta ɗebo daga ƙasan teku

Wa alaikumus salam, Malam. Na duba hoton kifin da ka ce koma ta ɗebo shi daga zurfin kusan mita 200, ja mai ratsin rawaya, kana tambayar sunansa da kuma ko sabon nau'i ne. Doguwar surarsa mai kama da sanda, da idanunsa da suka ɗan hau saman kai, da fiffiken baya da ya miƙe har kusa da wutsiya, duk suna nuna ɗan dangin Pinguipedidae ne, kuma mai yiwuwa daga rukunin Parapercis, wanda masanin kifi Bleeker ya raɗa wa suna a 1863, yau kuma nau'o'insa sun haura 80. Iyakar abin da hoto zai iya faɗa ke nan, domin waɗanda ke zaune a zurfi da yawansu ja ne ko ruwan hoda, masu ratsi ko ɗigo, sai su yi kama da juna kamar an tsaga kara.

A shekarun da na yi ina tantance irin waɗannan kifaye, launi ne ya fi yaudarata. Na taɓa ware wasu biyu a kwalabe daban, na rubuta musu sunaye biyu saboda zanen kumatunsu ya bambanta, sai da na buɗe cikinsu na ga ashe mace da namiji ne na nau'i ɗaya. Dalili kuwa, da dama daga cikin Parapercis suna fara rayuwa a matsayin mata, idan sun girma su rikiɗe su koma maza, zanen jikin ma ya sauya. A Parapercis hexophtalma, misali, mace ɗigo-ɗigo ne a kumatunta, namiji kuwa layuka ne a karkace.

Saboda haka ka ajiye maganar launi tukuna, ka ɗauko allura da madubin ƙara girma. Ka buɗe bakin ka ƙirga fiƙoƙin da ke gaban muƙamuƙin ƙasa, waɗanda a yawancin nau'o'i 6 ne ko 8, amma ka lura da gurbin wanda ya karye a cikin koma, don kada lissafin ya gaza. Sannan ka goga kan allura a gefen gandar sama, ka ji ko akwai ƙananan haƙora, domin samuwarsu ko rashinsu kaɗai na raba rukunin gida biyu. Daga nan sai ƙayoyin fiffiken baya masu tauri: 4 ne ko 5, na tsakiya ne ya fi tsawo ko tsawonsu ƙaruwa yake yi zuwa baya, kuma fatar ƙaya ta ƙarshe tana haɗuwa da sashe mai laushi na fiffiken a gindi ne ko a sama. Idan ka sami ƙaya 3 kacal, ka duba Simipercis trispinosa, wanda masana kifi Johnson da Randall suka bayyana a 2006. Ka ƙarasa da ƙirga ɓawon da ke kan layin gefen jiki da wanda ya kewaye gindin wutsiya. Waɗannan su ne ma'aunan da ake bi tun bitar da masani Cantwell ya yi wa rukunin Parapercis a 1964.

Tun da kifin yana hannunka, ka sake ɗaukar hotonsa yau, a kwance ta gefen hagu, fiffike a buɗe, da ma'auni kusa da shi, saboda ja da rawaya su ne farkon gushewa a cikin ruwan maganin adana kifi. Ka yanki ɗan nama daga gefen dama ka sa a etanol mai ƙarfi domin gwajin DNA kafin fomalin, wato maganin da ake adana kifi da shi, ya taɓa shi, don fomalin na lalata DNA. Ka rubuta wurin kamu da zurfi da rana.

Maganar sabon nau'i kuwa, ina ba ka shawarar kada ka yi gaggawa. Ba a yanke wannan hukunci sai an gwada kifin da ainihin samfurorin da aka raɗa wa makusantansa suna da su a gidajen adana kayan kimiyya, kuma kifi ɗaya ba ya nuna iyakar bambancin da ke cikin nau'i. Ka turo mini adadin fiƙoƙin da ƙayoyin da ɓawon, tare da tekun da aka kama shi, sai mu rage sunayen zuwa biyu ko uku.