An ce sai Mama ta karanto lambar da aka turo mata kafin tallafi ya shigo

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Hankalina a tashe yake. Makon jiya wani jami'in jam'iyya na mazaɓarmu ya bi gida-gida yana rubuta sunayen mata, wai za a ba su tallafin naira 75,000 na gwamnatin tarayya. Ya karɓi lambar wayar mahaifiyata da NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa) da BVN (lambar tantancewa ta banki) da lambar asusunta, ya ɗauki hoton katin zaɓenta, ya ce na 'yan jam'iyya ne kawai, kada a yayata. Jiya da yamma wani ya kira ta, ya faɗi cikakken sunanta, ya ce daga ma'aikatar jinƙai yake, kuɗinta sun fito, amma sai ta karanto masa lambobi shida da za su shigo wayarta. Ta karanta masa. Yana neman lamba ta biyu sai na shigo na katse kiran. Maƙwabcinmu ɗan adawa ya ce dama ƙarya ce, babu wani tallafi. Ita kuma tsoronta kada a cire sunanta don na katse kiran, ko don ba su take zaɓa ba. Ya za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Katse kiran nan da ka yi daidai ne, kuma ka kwantar wa Mama da hankali: wanda ya kira ta ba shi da ikon sa sunanta a wani kundi, balle ya cire. Ɓarawo ne. Amma tunda ta riga ta karanta lamba ɗaya, akwai aikin da ba zai jira gobe ba.

Ɗauki wayarta yanzu ka buɗe saƙon da lambobin suka zo a ciki. Duba sunan wanda ya turo, ka karanta rubutun daga farko har ƙarshe, domin saƙon yakan faɗi abin da lambar za ta buɗe. In daga bankinta ne, kira lambar da ke bayan katin ATM ɗinta, ban da wadda aka kira ta da ita, ka ce a rufe katin, a dakatar da tura kuɗi ta lambobin waya da ta manhaja. Da safe ku je reshe da ita da katin shaidarta. A fitar muku da bayanin shige da fice na asusun, a duba ko an ɗora manhajar bankin a wata waya da ba tata ba, a sauya lambar sirri. In an riga an ɗebi kuɗi, ku rubuta koke a takarda, ku karɓi lambar shaidar shigar da koken. Saurin yana da dalili: ɓarayin nan sukan rarraba kuɗin zuwa asusu uku ko huɗu cikin mintuna, kuma bankinta ba zai iya neman a riƙe su a inda suka sauka ba sai an sanar da shi. In mako biyu suka wuce ba a warware ba, a kai maganar sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya.

In saƙon daga WhatsApp ne, to asusunta na WhatsApp suka sace, don su bi 'yan'uwa da dangi suna roƙon kuɗi da sunanta. Sake shigar da lambarta a manhajar, sabuwar lamba za ta zo, da ka sa ta an kori ɓarawon. In ya riga ya saka nasa makullin na mataki biyu, sai an jira kwana 7. Kafin nan a kira dangi a gaya musu kada kowa ya tura komai. In kuwa sunan wani kamfanin bashi ko na asusun waya ne da ba ta taɓa hulɗa da shi ba, ana ƙoƙarin buɗe asusu ko cin bashi da sunanta ne. A rubuta wa kamfanin cewa ba ita ba ce, a ajiye kwafin takardar da hoton saƙon.

Yanzu ga maganar da nake so ta zauna a kan kowa a gidanku. Kuɗin da za su shigo asusu ba sa buƙatar lambar sirri. Ko kaɗan. Duk wanda zai turo maka kuɗi, gwamnati ce ko ɗan'uwanka da ke nesa, abu biyu yake buƙata: lambar asusu mai lambobi 10 da sunan banki. Shi ke nan. Lambar nan da ake turowa waya, wadda ake kira OTP, da lambobi huɗu na katin ATM, da lambobi ukun da ke bayan katin, duk makullan fita ne. An yi su ne don banki ya tabbatar mai asusun ne da kansa ya yarda kuɗi su bar asusunsa, ko ya yarda a ɗora asusun a sabuwar waya. Wanda zai zuba maka hatsi a rumbu yana iya tambayar ina rumbun yake, amma wanda ya ce sai ka ba shi makulli ya tafi da shi, ɗiba zai yi.

Abin da ke faruwa lokacin kiran shi ne wannan. Mutumin yana zaune da wata waya a gabansa, ya riga ya shigar da lambar Mama da BVN ɗinta a manhajar banki ko ta bashi. Manhajar ta tsaya, ta ce sai an sa lambar da aka tura wa mai layin. Lambar tana mutuwa cikin 'yan mintuna, shi ya sa yake gaggawa, yana cewa yi sauri Hajiya kada a ba wata gurbinki. Neman lamba ta biyu kuma alama ce cewa ya wuce ƙofar farko yana bakin ta biyu, ko kuma ta farkon ta mutu kafin ya sa. Ko wanne ne, ka tare shi a tsakiyar aiki.

Mutane da yawa na cewa ai ya san sunana, ya san bankina, har ranar haihuwata ya faɗa, ta yaya zai zama ɗan damfara? Wannan tunanin shi ke kwashe wa bayin Allah guminsu kullum. Sanin sunanka ba shaidar komai ba ne. Takardar da aka rubuta sunayen matan unguwarku da NIN da BVN da lambobin waya, ka tambayi kanka hannu nawa ta bi. Wanda ya rubuta, wanda ya buga ta a kwamfuta, mai shagon da ya yi kwafi, zauren WhatsApp da aka tura hotonta. Ba sai jami'in jam'iyyar ya zama ɓarawo ba, ya isa a ce mutum ɗaya a cikin jerin nan ya sayar da ita. BVN shi kaɗai ba ya cire kuɗi, gaskiya ne. Amma BVN da lambar waya da ranar haihuwa sun kai ɓarawo har bakin ƙofa, abin da ya rage masa lambobi shidan nan ne, kuma hanyarsa mafi sauƙi ta samunsu ita ce daga bakin mai wayar. Babu ma'aikacin banki, babu jami'in ma'aikata, babu wakilin ɗan majalisa da aikinsa ya ba shi damar tambayar su. Saƙon kansa yakan ce kada a gaya wa kowa, kuma kowa ɗin nan har da wanda ya ce shi daga gwamnati yake. Haka nan wanda ya ce a fara turo kuɗin fom ko na tantancewa kafin tallafi ya fito, da adireshin intanet da ke yawo ana cewa latsa nan ka tura wa mutum 15, duk gida ɗaya suka fito. Shafukan gwamnatin tarayya suna ƙarewa da gov.ng, kuma ko a can ba a tambayar lambar sirrin kati.

Maƙwabcinku kuma bai yi daidai ba. Tallafin akwai shi. A Oktoban 2023, bayan cire tallafin man fetur, gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da biyan naira 25,000 sau uku ga gidaje miliyan 15, wato 75,000 ɗin da kuka ji. Kafinsa, tun 2016, akwai na naira 5,000 a wata, wanda aka zuba masa bashin Bankin Duniya da kuma dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta dawo da su. Sai dai ana ɗauko sunayen ne daga kundin rajistar masu ƙaramin ƙarfi na ƙasa, wanda NASSCO, ofishin tarayya mai daidaita shirye-shiryen tallafi, ke kula da shi tare da ofisoshinsa na jihohi. Yadda aka tsara shiga kundin: jami'ai su zo gari, a tara maza daban, mata daban, matasa daban, kowane rukuni ya faɗi gidajen da suka fi talauci, a daidaita sunayen a bainar jama'a, sannan masu ɗaukar bayanai su bi gidajen da na'ura. A 2021, bayan korona, an yi wata rajistar gaggawa ta birane da aka fara da saƙon waya a unguwannin da aka zaɓa, ita ma ba ta nemi lambar sirrin kowa ba. Katin jam'iyya ba ya cikin sharuɗɗan, katin zaɓe ma haka. Kuma shiga kundi daban, samun biya daban: kundin rumbun sunaye ne, kowane shiri yana ɗibar adadin da kuɗinsa suka kai.

Ba zan ce siyasa ba ta shiga harkar ba. Tana shiga. Lokacin da aka raba naira 10,000 na TraderMoni, shirin bashin ƙananan 'yan kasuwa, a kasuwanni dab da zaɓen 2019, 'yan adawa sun kira shi sayen ƙuri'a. A Yulin 2023 gwamnoni da kansu, a majalisar tattalin arziki ta ƙasa, suka ce ba su gamsu da sahihancin kundin ba. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai, aka dakatar da shirye-shiryen na wani lokaci, daga baya aka ci gaba da su bisa sharaɗin tantance kowa da NIN ko BVN. Ban da wannan, gwamnoni da 'yan majalisa suna da nasu rabon, kuma shi kam sau da yawa ta hannun shugabannin jam'iyya na mazaɓu yake bi. Mai yiwuwa irin wannan jerin jami'in naku yake haɗawa, ya laƙaba masa sunan na tarayya don ya yi nauyi. Abin da ke ba ni takaici shi ne hukumomin da ke riƙe da shirin sun bar talaka cikin duhu. A fara biya, a tsaya, a ci gaba, ba wanda ya fito ya yi bayani da harshen da tsohuwa za ta gane, ba wuri ɗaya sananne da za ta je ta ji ko sunanta na ciki. Ɗan jam'iyya mai mulki ya ce namu ne, ku yi shiru. Ɗan adawa ya ce babu shi sam. A tsakanin waɗannan bakuna biyu ɗan damfara ke cin kasuwarsa, domin wadda aka ce wa ta ɓoye ba za ta tambayi ɗanta ba kafin ta karanta lamba. Kuɗin nan na baitulmali ne da bashin da kowa zai biya, ɗan kowace jam'iyya da wanda ba ya zaɓe ma. Wanda ya mayar da haƙƙin miskini abin yi masa barazana, ko ya tara bayanan matan unguwa ya yasar da su inda ɓarayi za su tsinta, amana ya ci, kuma zai amsa tambaya a kanta gaban Allah ko da hukuma ba ta tambaye shi ba.

Game da katin zaɓe, hotonsa ba ya jefa ƙuri'a. Na'urar BVAS, wadda ake tantance masu zaɓe da ita a rumfa, sai ta ga yatsa ko fuskar mai katin kafin a ba shi takardar ƙuri'a, kuma aikinta tantancewa ne kawai, ba ta sanin inda aka dangwala. Takardar ƙuri'a ba ta ɗauke da suna. Abin da ake gani jimillar rumfa ce, ba zaɓin mutum ɗaya ba. Ana karɓar hoton ne don a sa wa mutane tsoron cewa ana kallonsu. Katin na ainihi kuwa kada ya bar hannunta, sayensa da sayar da shi laifi ne a dokar zaɓe.

In kuna son sanin matsayinta a tallafin na gaskiya, ku je sakatariyar ƙaramar hukuma ku nemi jami'in da ke kula da rajistar masu ƙaramin ƙarfi, ko ofishin shirin na jiha. Kafin ku je, ku duba abin da ya fi hana mutane samun kuɗinsu ko da sunansu ya fito, wato saɓanin bayanai. A layinta, *346# zai nuna NIN, *565*0# zai nuna BVN, ana cire kuɗi kaɗan a kowanne. Sunan da ke NIN da na BVN da na asusu su zama iri ɗaya, har jerin sunayen da ranar haihuwa. Inda aka rubuta Hauwa a nan, Hauwa'u a can, na'ura tana iya ƙin amincewa. Layin wayar ma ya zama da NIN ɗinta aka yi masa rajista, ba na jika ko maƙwabci ba, kuma a riƙa amfani da shi, domin layin da aka yi watanni ba a taɓa ba kamfani na iya sayar wa wani, saƙonnin bankinta su koma hannun baƙo.

Ka saka wa sim ɗinta lambar sirri daga saitin wayar, ka rubuta lambar PUK da ke jikin katin da sim ɗin ya zo a ciki ka adana, domin kuskure uku yana kulle shi, sai da PUK zai buɗe. A kwanakin nan ka sa ido: in sabis ya ɗauke a wayarta alhali na kowa yana aiki, wataƙila an yi sabon sim da lambarta, ku tafi ofishin kamfanin layin da NIN ɗinta a ranar, ku sanar da banki tun kuna hanya. Sauran matan da aka rubuta sunayensu tare da Mama suna cikin takarda ɗaya, kuma mai kiran yana bin ta layi-layi ne. Ka bi gidajensu yau ka gaya musu abin da ya faru. Allah ya tsare, ya ƙara wa Mama lafiya.