Tsananin iyaye ne ke sa matasan Sin yawan tsarguwa?

Tambaya: Malam, ni malamar sakandare ce. Na ji ana cewa matasa da dama a ƙasar Sin suna fama da tsarguwa a cikin mutane, kuma wai daga tarbiyyar gida abin yake. Shin tsananin iyayensu ne sila?

Amsa: Malama, akwai alaƙa, amma ba kowane tsanani ba. Masu bincike a Sin kan yi amfani da ma'aunin SCL-90, inda ake tambayar yaro ko yana jin bai kai tsaransa ba, ko ƙaramar magana na ƙona masa rai, ko yana takura in ana kallonsa. Mai tsarguwa shi ne yaron da in an yi dariya a bayan aji sai ya ɗauka da shi ake, ya yini abin na cin sa.

Sakamakon da aka fi samu shi ne, matasan da suka ce ana yawan kushe su a gida, ko horo mai zafi, ko hana su sakat da sunan kariya, sun fi tsarguwa. Waɗanda iyaye ke ja a jiki suna sauraronsu, abin ya fi yi musu sauƙi.

Sa ido daban, danne zuciya daban. A 1994 wata mai bincike, Ruth Chao, ta nuna cewa iyaye mata Sinawa mazauna Amurka na ɗaukar sa ido kan karatu da ɗabi'a a matsayin ƙauna. Doka a kan lokacin barci ko waya ba ita ce matsalar ba. Abin da ke illa shi ne gori, da kunyatarwa, da ɗauke wa yaro fuska har sai ya ci jarrabawa. Masu bincike Wang da Pomerantz da Chen sun bi sawun ɗalibai a Sin da Amurka, suka wallafa a 2007 cewa irin wannan matsi na raunana kwanciyar hankalin yara a ƙasashen biyu.

Yanayin ƙasar ma na ƙara wa abin zafi. Sama da mutum miliyan 13 ne suka yi rajistar gaokao, jarrabawar shiga jami'a, a 2024, ga shi dokar ɗa ɗaya ta 1980 zuwa 2015 ta ɗora burin gida kan yaro guda. Wanda kullum ake ce wa "dubi ɗan gidan wane" zai fita waje yana jin kowa auna shi yake yi. Wannan kwatancen ne ya fi damuna, don iyaye na yin sa ne da kyakkyawar niyya.

A kula dai, yawancin binciken daga bakin yaran ake ɗauka, a zama guda. Yaro mai tsarguwa na iya ganin iyayensa sun fi yadda suke zafi, kuma iyaye kan ƙara killace ɗan da suka ga yana noƙewa.

Tunda ke malama ce, ga abin da ya shafi aji: tun Satumban 2021 Ma'aikatar Ilimi ta Sin ta hana makarantu bayyana makin ɗalibi da matsayinsa a bainar jama'a. Ki miƙa wa yaro mai tsarguwa takardarsa a hannu, gyaran kuma ki yi masa ku biyu.