Kada ki tuge shi, ki jira hunturu

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ina ganin hoton nan da kika turo gabana ya faɗi, don kamar tukunyata kika ɗauka. Kin ce jan wardinki ya miƙe kamar sanda, ƙasansa ba ganye, furen na fitowa ƙanana da baki a ƙone, bayan kwana biyu su koma ruwan hanta, kina tambaya ko ki tuge. Don Allah kada ki tuge.

In dai Mister Lincoln ne kamar yadda aka ce miki, halinsa ke nan. Tsohon iri ne, wasu Amurkawa biyu, Swim da Weeks, suka fitar da shi a 1964 daga haɗin wasu irin wardi biyu, Chrysler Imperial da Charles Mallerin. Tsawo ya sani, fure guda a kan dogon reshe, ƙafafu tsirara. Ko a can ƙasarsu jan nan yana juyawa shunayya in furen ya kwana biyu, balle ranar Birnin Kebbi a Afrilu da zafi ke haura digiri 40. Duhun launin ne ke jawo masa ƙuna. Ki jira Disamba da Janairu ki gani. Nawa a hunturu fure ɗaya ya kusa cika tafin hannuna, kamar karan-miski, in na yanko na sa a kofi, har Abban yara sai ya tambaya wane turare na saka a ɗakin.

Na farkon da na samu dai ban ci moriyarsa ba. Daga Jos aka zo min da shi a bayan mota, na lallaɓa shi shekara guda. Sai ƙanwata ta haihu a Gusau, na tafi mako uku, tsakiyar bazara. Facalata na bar wa amana, har na nuna mata bokitin, na ce da asuba ko bayan la'asar. Ashe ruwan wanki take kwarara masa, da kumfarsa da komai, da rana tsaka. Ƙofar ma ba ta rufewa, akuyarta ta shiga ta yi masa aski. Na dawo ko mayafi ban cire ba na nufi inda wardin yake, na tarar da kara baƙi. Da na yi magana, budar bakinta sai cewa ta yi, "Yaya, fure ne fa, ba hatsi ba." Wallahi har yau in na tuna sai na ji abu ya tokare min wuya. Ko haƙuri ba ta ba ni ba, da daddare ma tana ba wa sauran labari ana dariya, wai ina makokin ciyawa.

Bayan nan ya sake tsirowa, na yi ta murna, ashe daga ƙasan aure ne. Ki duba wannan da kyau. Kamar mangwaro mai aure yake, akwai ƙulli kusa da ƙasa. Duk tsiron da ya fito ƙarƙashin ƙullin na uwar dashen ne, ki ɓalle shi tun yana ƙarami. Ni wata shida na yi ina shayar da ƙaya.

Ki janye tukunyar inda zai samu ranar safe kawai, inuwar katanga ta rufe shi daga azahar. Ruwan tankin sama da ya wuni a rana ki tara shi a baho ya huce tukuna. A gindi za ki zuba, ba a ganye ba, musamman da damina, lokacin ne baƙin tabo ke kama ganyen ya yi rawaya ya zube. Ina shimfiɗa masa buntun shinkafa, tunda ba wahalarsa muke ba a nan, amma ki riƙa tonawa kina duba gara. Kashin awaki kuma sai wanda ya ruɓe, kuma ba yanzu ba, taki a wannan zafin ƙona shi yake. In za ki cire busasshen fure, ki yanka sama da ganye mai 'ya'ya biyar.

Turo min hoton gindin, kusa-kusa, ki ɗan share ƙasar in ga ƙullin.